Ga mai son yi wa ƙungiyar kare haƙƙi rubutu na sa kai

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam tana neman masu yi mata rubutu na sa kai, ranki yana so, amma ba ki karanci lauya ko aikin jarida ba, kina tsoron kada ki ɗauko dutsen da ba za ki iya saukewa ba. Na daɗe a wannan aikin, ni ma ban karanci ko ɗaya daga cikinsu ba. Ki karɓa. Sai dai ina so ki shiga da sanin cewa labarin da za ki rubuta ba naki ba ne, amana ce aka ba ki, kuma mai shi ne zai kwana da abin da ya biyo baya.

A farkon shigata wata baiwar Allah ta kawo kokenta. Tana aikin shara a wani kamfani, an riƙe mata albashi wata da watanni, da ta buɗe baki aka sallame ta. Na zauna da ita, ta fito da takardun daga cikin leda, duk sun yi laushi saboda yawan ninkewa. Na sakaya sunanta kamar yadda muka yi alkawari. Amma don mai karatu ya tausaya, sai na rubuta cewa aikin dare take yi, tana ɗingishi, kuma ƙanwarta ce ta samo mata aikin. Mutum nawa ne a wurin ke da wannan siffar? Kafin mako ya zagayo an kori ƙanwar. Mai labarin ta kira ni, ba faɗa ba zagi, ta ce, "Ai kin ce ba za a gane ni ba." Har yau maganar tana cina.

Tun daga nan ba na sakin rubutu sai na karanta wa mai labarin daga farko har ƙarshe, na tambaye shi wa zai iya gane shi daga ciki. Ko a ranar fitarwa ya ce ya fasa, to an fasa, komai wahalar da na sha. Hoto ma haka: wanda aka ɗauka da waya yakan zo da bayanin wurin da aka ɗauke shi a ɓoye, a goge wannan tukuna, fuskar yara kuwa kada ta fito sam.

Sai batun tabbatarwa, wanda shi ne rabin aikin. Za a kawo miki labarin da zai sa jikinki ya yi rawa don fushi, a lokacin ne ya kamata ki fi natsuwa. Yaushe abin ya faru, a ina, wa ya gani da idonsa, wa aka gaya wa kawai? Akwai takarda? An nemi jin ta bakin ɗaya ɓangaren? Abin da kotu ba ta yanke ba zargi ne, haka za ki rubuta shi, ko da zuciyarki ta gama yanke hukunci. Sashe na 11 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar, kuma wannan haƙƙin ya haɗa da mutumin da kike ƙi. Kalma ɗaya da ta wuce hujja tana iya jawo ƙarar ɓata suna, ta kuma zubar da gaskiyar sauran rubutun.

Ida B. Wells, wata 'yar jarida baƙar fata ta Amurka, nake tunawa idan na ji haƙurina zai ƙare. A 1892 aka kashe abokinta da wasu mutum biyu a Memphis ta Amurka, kisan gilla ba tare da shari'a ba. Sai ta shiga bin irin waɗannan kashe-kashen ɗaya bayan ɗaya, da suna da rana da wuri, har da alƙaluman da jaridun fararen fata suka buga da kansu, yadda ba wanda zai ce ƙirƙira ta yi. An farfasa ofishin jaridarta, amma ba a iya ƙaryata lissafinta ba. Rosa Parks ma, da kowa ya san ta da ƙin tashi daga kujerar bas a 1955, tun 1943 take sakatariyar sa kai a reshen NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta Amurka, na birnin Montgomery, tana rubuta koke-koken mutane.

Abin karantawa ba yawa. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ɗin nan ta 10 ga Disamba 1948 sashe 30 ce kacal, an fassara ta da Hausa, zama ɗaya kin gama. Sai dai ita ba yarjejeniya ba ce da ke ɗaure ƙasa. Wadda ke ɗaurewa ita ce ta 1966 kan haƙƙin jama'a da na siyasa, ga ƙasashen da suka amince da ita. Sashe na 9 nata za ki fi yawan komawa: a gaya wa wanda aka kama dalilin kamun, a kai shi gaban alƙali ba da jinkiri ba. Ki haɗa da babin haƙƙoƙi na kundin tsarin mulkin ƙasarki.

Kafin ki ce to, ki tambayi ƙungiyar wa ke duba rubutu kafin ya fita, ko suna da lauya, ko za su tsaya miki idan aka yi miki barazana, da kuma inda za ki tura wanda ya zo neman taimako. Wannan na ƙarshen ya fi damuna, domin mutane za su ɗauka ke ce za ki fito musu da ɗansu ko ki karɓo musu kuɗinsu. Kada ki yi alkawarin abin da ba ya hannunki, ki haɗa su da masu iko da abin.

Kuma za ki gaji, akwai labarin da zai hana ki barci. Ki faɗi adadin da za ki iya a wata, ki tsaya a kai. Rubutunki na farko kada ya zama na wanda aka zalunta. Ki ɗauki haƙƙi ɗaya, misali na wanda aka tsare, ki bayyana shi yadda kakarki za ta fahimta, ki ba wani tsohon hannu a ƙungiyar ya duba miki. Allah ya yi miki jagora.