Likita, mece ce BRAF da na gani a takardar gwaji?

Tambaya: Likita, an cire mini ƙari a gaban wuya, aka ce kansar tayirod ce. A takardar gwaji na ga an rubuta BRAF V600E. Me ake nufi?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. BRAF ƙwayar gado ce da kowa ke da ita, tana kan kuromosom na 7 (kuromosom su ne zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado), kuma daga gare ta jiki ke ƙera wani furotin na dangin da muke kira kinas. Aikinsa isar da saƙo. Idan umarnin rabuwa ya iso bakin ƙwayar halitta, furotin RAS zai taɓa BRAF, shi kuma ya kunna furotin MEK ta hanyar liƙa masa sinadarin fosfet, MEK ya miƙa wa furotin ERK, har saƙon ya kai cibiyar ƙwayar halittar. BRAF kamar makunni yake: da an gama, sai makunnin ya mutu. V600E na nufin a gurbi na 600 na jerin tubalan da suka gina furotin ɗin, tubali mai suna gulutamik asid (E) ya zauna a mazaunin wani mai suna balin (V). Musayar nan ɗaya tak kan sa makunnin ya maƙale a kunne, ƙwayar halittar ta yi ta hayayyafa babu mai tsawata mata. A 2002 masana a Cibiyar Sanger ta Ingila suka bayyana ta a kansar fata mai suna melanoma, inda ake samunta a kusan rabin masu cutar. Ta yawaita a kansar tayirod ma, amma ki kwantar da hankalinki, akasarin masu ita tiyata ke yi musu magani, wani lokaci a ƙara da ayodin mai tururin nukiliya.

Tambaya: Matata ce aka samu da wannan canji. 'Ya'yanmu za su gada?

Amsa: A'a, Malam. V600E ba gadonta ake yi ba, a cikin ƙwayoyin halittar ƙarin take faruwa, bayan an haifi mutum. Ko tawadar Allah da ke jikin mutane da yawa tana ɗauke da ita, ba ta kuma zama kansa ba.

Tambaya: Mahaifina yana da kansar babban hanji mai BRAF. Na ji akwai ƙwayar magani da ke toshe ta, me ya sa ba a ba shi ita kaɗai ba?

Amsa: Tambayar nan ta burge ni. Lallai akwai vemurafenib, da Amurka ta amince da shi a 2011, da dabrafenib a 2013, kuma sun sa melanoma ta yi laushi ƙwarai. Amma a hanji, da an toshe BRAF sai ƙarin ya farkar da wata ƙofa mai suna EGFR, saƙo ya zagayo ta baya. Shi ya sa ake haɗa encorafenib mai toshe BRAF da cetuximab mai toshe EGFR, a rufe ƙofofin biyu tare. Ka tambayi likitan Baba ko wannan haɗin ya dace da matakin da ciwonsa yake, kuma in ƙuraje ko zawo suka taso bayan fara magani, ku sanar da shi da wuri.