Maigida ya ce shi ɗan bakin kogi ne, ba ruwansa da rigar ceto

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni da maigidana a cikin ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska muke zaune, tsawonsa mita 10, a tashar ƙananan jirage kusa da Southampton a Ingila. Muna shirin fita a watan Mayu, mu fara tsallakawa Cherbourg a Faransa. Me ya kamata mu duba? Abin da ke hana ni barci shi ne maigida ya ƙi sa rigar ceto. Wai a Yawuri ya tashi, tun yana yaro yake iyo a Kogin Kwara.

Amsa: Hajiya, gyaran jirgi ba baƙonku ba ne, a gurguje zan bi shi. A fito da shi tudu a wanke gindinsa, a sake fenti, a canja ƙarafan zinkin da ke kare ƙarfen jirgi daga lalacewa idan gishiri ya cinye su. Kowane famfo da ya huda jikin jirgi a buɗe shi a rufe, wanda ya cije a cire shi. A duba ko ruwa ya kwanta a ƙasan tankin dizal lokacin hunturu. Wayoyin ƙarfen da ke riƙe da sandar jirgi idan sun kai shekara 10, kamfanin inshora ma zai yi magana. Wannan duk aikin kuɗi ne da haƙuri.

Zancen maigida ne ya dame ni, domin kullum sai na ji irinsa, har na gaji. Ruwan Yawuri ɗumi ne da shi. Tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa kuwa a watan Mayu bai cika wuce digiri 12 ba, rana tana ƙwallewa a sama amma ruwan yana nan da sanyin hunturu. Mutum na faɗawa ciki, jiki da kansa yake jan numfashi da ƙarfi, ba shawara, ba iko. Idan kansa na cikin ruwa a daidai lokacin, ruwan gishiri ya shaƙa. Daga nan sai haki ya sarƙe shi na wajen minti ɗaya, zuciya na bugawa. Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth, nan kusa da ku, ya daɗe yana bincike a kan wannan. Gwanin iyo ma bai tsira daga wannan haɗari ba, don shi nan take zai fara dukan ruwa, alhali abin da ake so ya kwanta rigingine har numfashi ya dawo. Wanda ya tsira daga wannan, cikin minti 10 ko makamancin haka yatsu da damatsa sun fara mutuwa, igiyar da aka jefa masa ma ba zai iya riƙewa ba.

Ki kuma yi lissafi. Jirginku a gudunsa na yau da kullum yana cin kusan mita 180 a minti ɗaya. Kafin ki sauke ƙyallen iska, ki tada inji, ki juyo, ke kaɗai, ina kan mutum a cikin igiyar ruwa?

Masu zaman hira a tashar za su ce masa ai doka ba ta tilasta ba. Haka ne, a Ingila ba a tilasta wa ƙaramin jirgi na kashin kai, kuma wannan sakacin hukuma ya ba wa masu taurin kai hujja. To Eric Tabarly fa? Faransa ba ta yi matuƙin jirgin ruwa mai tafiya da iska da ya fi shi suna ba. A watan Yuni na 1998 ya faɗa tekun da ke tsakanin Wales da Ireland da dare, ba riga, ba igiya a jikinsa, kuma bai fito da rai ba.

Rigar ma ba a rataya ta kawai. Ki buɗe ta, ki murɗa ƙaramar tukunyar iskar da ke cika rigar ki ji ko ta saki, ki duba tsatsa da ranar ƙarewar na'urar da ke hura ta. Ki hura da baki ki bar ta ta kwana, idan ta sace ba ta da amfani. Maɗaurin da ke bi tsakanin cinyoyi dole ne, in ba shi rigar sama za ta tattare ta rufe fuska. Da dare ko iska ta taso, ya ɗaure kansa da igiya a jikin jirgi.

Ki faɗa wa maigida, cikin ladabi, rai amana ne a hannunsa, kuma ke zai bari da sitiyari a tsakiyar hanyar manyan jiragen dakon kaya. Kafin Mayu ki koyi kira a tasha ta 16 a rediyon jirgi, wato tashar neman agaji, ku kuma jefa abu a ruwa ki gwada juyowa ki ɗauko shi ke kaɗai, shi yana zaune bai sa hannu ba.