Shekarata 17, ina son mallakar fili: ta ina zan fara?

Tambaya: Malam, shekarata 17, ina tsaron shagon kawuna a babbar kasuwar Maradi. Na ga a intanet matasan Amurka na cin ɗan bashi su biya da wuri don banki ya yarda da su. Burina in sayi fili in gina gidan haya. Ni ma in bi wannan hanya? Daga wani matashi a unguwar Zariya.

Amsa: Ɗana, Allah ya cika maka buri. Mu ma muna da irin wannan tsari: a ƙasashen UEMOA, wato ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin CFA, akwai ofishin bayanan bashi da ake kira BIC, ƙarƙashin kulawar BCEAO, babban bankin waɗannan ƙasashe, inda bankuna ke kai bayanin mai biya da mai taurin bashi. Sai dai a shekarunka banki ba zai ba ka rance ba, asusun ajiya ma sai uba ko waliyyi ya sa hannu. Kuma ban yarda ka ɗauki bashi mai ruwa don kawai a san sunanka ba.

A garin nan yarda daga kasuwa take farawa. Alhazai da yawa yaran shago ne a da: ubangida ya ba su kaya, su sayar, su kawo kuɗi cif ranar da aka yi alkawari. Ka roƙi kawunka ya ba ka katan ɗaya na sabulu ko taliya, ka sayi ɗan littafi kana rubuta abin da ka karɓa da ranar da ka biya. Ribar, ko jika biyu ce a mako, ta tafi asusu, kada ta kwana a aljihu. In za ka shiga adashi, ka san uwar adashin sosai.

Maganar fili kuwa, fara koyon takardu tun yanzu, don nan ne mutane ke kuka. Fili guda akan sayar wa mutum biyu. Takardar ciniki da dillali ya rubuta ba ta isa ba. A je ofishin magajin gari a tabbatar da lambar filin da sunan mai shi a kan "acte de cession", wato takardar da hukuma ke bayarwa ta shaidar an ba mutum fili. "Titre foncier", wato takardar cikakkiyar mallakar fili, ya fi ta ƙarfi, shi banki ya fi so a jingina.

Kuma kada arha ta ruɗe ka da rani. Ka je ka ga wurin da damina, bayan ruwa mai ƙarfi, musamman gangaren Gulbi. Ambaliyar 2024 ta rusa gidaje da yawa a Maradi.