Zauren Shari'a: Ina So In Sa Sunan Matata a Takardar Gidana

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ina da gida a Tumfure, takardar C of O (shaidar mallakar fili ta gwamnati) da sunana ni kaɗai. Maiɗakina ma'aikaciyar jinya ce, da albashinta aka yi rufi da filasta. Ina so in sa sunanta don kada a kore ta bayan raina. Ta ina zan fara? Daga wani magidanci, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Ba a ƙara suna a jikin C of O da biro. Kana mallaka mata wani kaso ne na haƙƙinka, kuma Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ce filayen jiha amana ne a hannun gwamna. Sashe na 22 ya hana sayarwa, kyauta ko jingina sai da izininsa, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa haka rusasshe ne.

Ka fara da bincike a GOGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye a Gombe, a tabbatar babu bashin harajin ƙasa ko jingina a kan fulotin. In takardar na hannun banki, sai ka biya ko bankin ya amince a rubuce. Daga nan lauya ya rubuta yarjejeniyar mallakawa, da lambar fuloti, lambar C of O, cikakken sunanta kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, da kason da ka ba ta ƙarara: rabi ne ko sulusi. Ku sa hannu gaban shaidu, a nemi izinin gwamna tare da shaidar biyan haraji, a biya kuɗin hatimi, a yi rajista. Yawanci a matakin izini ake sarewa, a jefa takarda a durowa. Kada ka yi haka.

Amma babban ramin ba a ofis yake ba. Idan ka rasu, bisa Shari'ar Musulunci za a raba gadonka, kuma a mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓe abin a hannunsa kafin mai kyauta ya mutu ko ya kwanta cutar ajali. Muhtasar na Shehu Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, ya bayyana cewa mace za ta iya ba mijinta gidan da suke zaune ciki, amma akasin haka bai inganta ba, domin samar da masauki wajibin miji ne, zamansa a ciki na nuna bai saki gidan ba. Ke nan magada za su iya cewa ba a yi hauzi ba, ko da sunanta na kan takarda.

Sa'arka ɗaya, kuɗinta na cikin ginin. Don haka kada ka kira shi kyauta. A tattara rasidan kwano, katako da siminti, da shaidar turo kuɗi ta banki, a ƙimanta abin da ta kashe, a rubuta kasonta a matsayin abin da ta saya. Ciniki ba ya jiran hauzi. Sai dai ya zama na gaskiya. Cinikin bogi da aka shirya don a tauye sauran magada, alƙali na iya warware shi. In kyautar kake so, ka ba ta gida ko shagon da ba ka zaune ciki, ta karɓi makulli, 'yan haya su koma biyanta.

Wasiyya ba mafita ba ce, babu wasiyya ga mai gado sai sauran magada sun yarda. In ba a yi komai ba, rabonta tumuni ne idan kana da 'ya'ya, rubu'i idan babu, kuma in da abokan zama tare za su raba.

TAMBAYA: Barista, maigidana ya ba ni gidan haya a Kumo gaban ƙannensa biyu, ni ke karɓar kuɗin haya. Takardar mai unguwa kawai ke akwai. In aure ya mutu zai iya ƙwacewa? Daga wata uwargida.

AMSA: Hajiya, tunda ke ke karɓar haya, hauzi ya samu, kuma saki ba ya dawo da kyauta. Uba da uwa ne kaɗai aka yarje wa janye abin da suka ba ɗansu, su ma da sharuɗɗa. Inda kike da rauni shi ne hujja: shaidunki danginsa ne, kuma mutum kan manta ko ya rasu. A rubuta kyautar yanzu da ake zaman lafiya, ki riƙa ba 'yan haya rasidi da sunanki, sannan ki nemi takardar hukuma. Takardar mai unguwa shaida ce ta ciniki, ba ta kai C of O ba.

TAMBAYA: Mun sayi fili tare, dillali ya rubuta "Alhaji da Hajiya wane" a takardar. Ya wadatar? Daga Bolari.

AMSA: Bai wadatar ba. Wace Hajiyar? Gobe in an yi amarya, ita ma Hajiya wane ce. A sake rubutawa da sunan kowa da na mahaifinsa, da kason kowa. Ku kuma lura da kalmomin lauya: akwai salon tarayya na dokar Ingila wanda in ɗaya ya rasu, na raye ke kwashe duka. Wannan kan jawo ƙara daga magada a gidan Musulmi. Ku ce a rubuta cewa kowa na da kasonsa daban, wanda zai shiga gadonsa. Bayan haka, ɗayanku ba zai iya sayar da filin gaba ɗaya ko jinginar da shi ba sai da sa hannun ɗayan.