Amsa: wane wata ya fi dacewa a je gandun namun daji na Serengeti (Tanzaniya) ko na Masai Mara (Kenya)?

Malam, tunda ka ce ƙaurar dabbobi kake son gani, to ka nufi Yuli zuwa Oktoba, lokacin rani ne a can, ciyawa ta kwanta, dabbobi na taruwa bakin ruwa. A lokacin ne nyumbu (wata dabbar dawa mai kama da ɓauna) sama da miliyan 1 da jakunan dawa ke tsallaka kogin Mara tsakanin Tanzaniya da Kenya, su yi cirko-cirko a gaɓa, ɗaya na faɗawa sauran su bi, kadoji na jira. Amma fa ba su da ranar tsallakawa, sai haƙuri, kuma otal na tsada sosai.

In haihuwar dabbobin kake son gani, Fabrairu a kudancin Serengeti wajen Ndutu. Afrilu da Mayu kam ban ba ka shawara ba, ruwan sama da taɓo suna kafe mota.