Shugaban makaranta ya ce in rubuta wa ɗalibai amsa a allo

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina koyar da lissafi a wata sakandaren jeka-ka-dawo a yankin Kafin Hausa. Jarrabawar NECO ta ƙarato, sai shugabanmu ya kira ni ofis ya ce ranar lissafi ni zan warware tambayoyin in rubuta a allo. An riga an tara kuɗi wajen iyaye don a sallami mai sa ido, ni ma da kasona. Da na nuna ƙyama, ya ce 'ya'yan talakawa ne, sun yi shekara ba malamin lissafi kafin in zo, kuma in na ƙi zai sa a jefa ni wani lungu. Ina da mata da 'ya'ya huɗu. Akwai laifi a kaina, tunda umarni aka ba ni?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, wannan aikin haramun ne, kuma umarnin shugaba ba ya halatta shi. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin hatsi a kasuwa, ya cusa hannu ciki, ya ji danshi. Mai hatsin ya ce ruwa ne ya taɓa shi. Annabi ya ce don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Takardar sakamako ita ce saman buhu. Wanda zai ɗauki yaron nan karatu ko aiki ita yake dubawa, ba ya iya cusa hannu ya ji abin da ke ƙasa.

Biyayya ga shugabanka wajibi ce a zuwa aji kan lokaci, da duba littattafan yara, da duk abin da aka ɗauke ka dominsa. Iyakarta kuwa tana cikin Buhari da Muslim: wani kwamandan yaƙi ya fusata, ya sa aka hura wuta, ya ce wa mutanensa su shiga. Suka ƙi. Da labari ya kai ga Annabi sai ya ce ai biyayya a cikin abin kirki kaɗai take. Shugaban makaranta bai fi wannan kwamandan iko a kanka ba.

Maganar tausayi ita ce ta fi nauyi, don akwai gaskiya a cikinta. An zalunci yaran da aka bari shekara ba malami, kuma alhakin yana wuyan waɗanda aka ba amanarsu. Amma duba inda tausayin zai kai ku. Yarinyar da ka rubuta wa amsa za ta ci, ta shiga makarantar koyon aikin lafiya, ta dawo asibitin garinku tana lissafa cokali nawa na magani za a ba jariri gwargwadon nauyinsa. Wataƙila jaririn naka ne. Ga kuma yaron da ya kwana karatu da tocila, an daidaita shi da wanda bai buɗe littafi ba. Allah ya hana taimakekeniya a kan saɓo a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida. In tausayi ne, tara su da yamma ko ranar Asabar a gindin bishiya, ku bi tambayoyin shekarun baya har ranar jarrabawa.

Batun tilas: tilascin da shari'a ke yi wa uzuri, irin na Ammar ɗan Yasir a aya ta 106 ta Suratun Nahli, malamanmu na Malikiyya sun fassara shi da tsoron kisa, ko duka, ko ɗauri, da makamantansu. Canjin wurin aiki wahala ce, na sani, musamman ga mai iyali da damina, amma albashinka na nan. Bai kai tilas ba. Hasali ma ɗaurin yana wancan ɓangaren ne, domin dokar ƙasa ta 1999 kan maguɗin jarrabawa ta tanadi gidan yari ga malamin da aka kama, kuma rubutun hannunka ne zai kasance a allon.

Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban malamai ba, ka ce: Ranka ya daɗe, duk aikin da ka sa ni zan yi, wannan dai ba zan iya ba. Kada ka taɓa kuɗin. In ka riga ka karɓa, mayar. Kada ka kai maganar Facebook ko majalisa. In ya matsa, rubuta ranar da abin da ya faɗa, ka sanar da wakilin ƙungiyar malamai ta NUT, ka kai ƙara ofishin ilimi na shiyya. Wannan ba gulma ba ce, kai ƙara ga mai ikon gyara halal ne. In kana tsoron cutarwar da ba za ka iya ɗauka ba, an ɗauke maka wajibcin kai ƙarar, amma wajibcin janye hannunka yana nan. Wallahu a'alam.