Kwas ɗin sati huɗu a Turai zai tsaya mini a madadin gwajin koyarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a tsangayar ilimi, ina aji uku, ɓangaren ilimin firamare. Na ga tallar wani kwas na sati huɗu a Turai cikin watan Yuli, na masu karatun malanta. Ejan ɗin da ke haɗa tafiyar ya ce satifiket ɗin da za a ba ni zai tsaya a madadin gwajin koyarwa, kuma in na so ina iya zama can in nemi aikin koyarwa da shi. Mahaifina ya yarda zai biya, amma sai ya ci bashi, kuma an ce a kai rabin kuɗin kafin ƙarshen wata. Wallahi na kasa barci. In bari ya biya, ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki roƙi Baba ya dakata, kada ko sisi ya fita daga hannunsa a wannan watan. Irin waɗannan gajerun kwasakwasan na dogon hutu akwai su, jami'o'i na gaske suna shirya su, kuma akwai masu amfani a cikinsu. Matsalar tana cikin maganganu biyu da ejan ya faɗa miki. Ta farko ba huruminsa ba ce, ta biyu kuwa ƙarya ce da ke iya rufe miki ƙofar tafiya na shekaru.

Fara duba watan da aka sa. Ribar mai karatun malanta a irin wannan tafiya ita ce ya zauna a bayan aji ya ga wani malami yana koyar da yara. To a Yuli, ina yaran? Makarantun Finland, waɗanda ake yawan tallata su, suna rufewa tun farkon Yuni, ba sa dawowa sai cikin Agusta. Na Italiya ma a Yuni suke tashi, sai Satumba. A Ingila ana karatu har wajen sati na uku na Yuli, a Japan hutu yakan fara wajen 20 ga Yuli. Ƙasashen kudancin duniya irin su Ostireliya da Afirka ta Kudu ne suke tsakiyar shekarar karatu a lokacin, su ma suna da ɗan hutun sanyi a tsakani. Don haka ki nemi jadawalin kwana-kwana a rubuce: wace makaranta za a kai ku, wane aji, awa nawa. In abin da kika gani lacca ce a ɗakin taro da yawon buɗe ido, to kin san abin da ake sayar miki.

Batun gwajin koyarwa kuwa, jami'arki ce kaɗai ke da ta cewa. Gwajin koyarwa yana nufin ke ce da allo da alli, da tsarin darasin da kika rubuta, mai duba ki daga sashenku yana zaune yana ba ki maki bisa manhajar da za ki koyar da ita gobe. Baƙuwar sati huɗu ba a damƙa mata aji. A ƙasashe da dama ko zama da yara ke kaɗai ba za a bari ki yi ba sai an binciki tarihinki, kamar binciken DBS a Ingila, wanda ke duba ko mutum yana da tarihin aikata laifi. Abin da kwas mai kyau zai iya ba ki shi ne kiredit. A tsarin Turai na ECTS, kiredit 60 ne shekara guda ta karatu, kowane kiredit kuma aikin awa 25 zuwa 30 ne, shi ya sa kwas ɗin 'yan makonni ba ya wuce kiredit kaɗan. Su ɗin ma ba za su shiga sakamakonki ba sai in shugaban sashenku ya sa hannu tun kafin ki tafi, a takardar yarjejeniyar karatu da ke nuna wane kwas na can ne zai maye wane kwas na nan. Na san za a yi ta yawo da ke daga ofis zuwa ofis, a ce miki ki je ki dawo, in kin dawo daga tafiyar sai a duba. Kada ki yarda da wannan. Abin yana ba ni haushi, domin sa hannun minti biyar ne ake ja wa ɗalibi wata guda a kansa, amma alkawarin baki ba ya shiga takardar sakamako.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wadda kusan kullum sai wani ɗalibi ya shigo mini da ita, wani ma iyayensa ne suke rako shi: wai ka shiga da ɗan gajeren kwas, in ka isa sai ka maƙale, satifiket ɗin zai samo maka aiki.

Satifiket ɗin da ake bayarwa a ƙarshen sati huɗu shaidar halarta ce. Abin da take cewa kawai shi ne wance ta zo daga rana kaza zuwa rana kaza. Koyarwa a waɗannan ƙasashe sana'a ce mai ƙofa da makulli. A Finland, tun 1979 aka mayar da karatun malamin firamare zuwa matakin digiri na biyu. A Jamus, bayan an gama jami'a sai an yi horon aiki a makaranta, galibi wata 18, a ci jarrabawar gwamnati. A Ingila akwai shaidar cancantar koyarwa da ake kira QTS, kuma mai digiri da ke nemanta ta hanyar horon shekara guda sai ya yi aƙalla kwana 120 a cikin makarantu. A Amurka kowace jiha da lasisinta da jarrabawarta. 'Ya'yan ƙasar ke nan, da harshensu da komai. Ta yaya ɗalibar aji uku da ba ta ma karɓi digirinta ba za ta tsallake duk wannan da takardar kwana 28? Ejan ya san amsar, bai dai faɗa miki ba ne saboda kamashonsa yana cikin kuɗin da Baba zai ranto.

Ita kanta bizar ba ta ba da wannan damar ba. Kwas ɗin sati huɗu a ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai 29 da biza ɗaya ke shiga dukkansu, da bizar gajeren zama ake zuwa, wadda iyakarta kwana 90 cikin kowane kwana 180, kuma sau da yawa kwanakin kwas ɗin kawai ake buga miki da ɗan ƙari. Ba takardar izinin aiki ba ce. A Birtaniya bizar baƙunci ta yarda a yi karatu har wata 6 a makarantar da aka amince da ita, amma ta haramta aiki, kuma ba a juya ta zuwa bizar aiki daga cikin ƙasar. A Amurka, karatun da ake ba da kiredit a kansa yana bukatar bizar F-1 da takardar I-20, ko J-1 da takardar DS-2019, kuma makaranta ko hukumar da ke ɗaukar nauyin shirin ce ke fitar da su. Duk wanda ya ce miki ki nemi bizar yawon buɗe ido ki ɓoye zancen karatu, koya miki yake ki yi wa jami'in biza ƙarya, kuma sunanki da hoton yatsunki ne za su zauna a kwamfutarsu, ba nasa ba.

In kwanaki suka ƙare mutum bai fita ba, ya zama mai zaman da doka ba ta yarda da shi ba. A dokar Amurka ta 1996, wanda ya zarce da fiye da kwana 180 sannan ya fita, an hana shi dawowa shekara 3, in ya kai shekara guda kuwa shekara 10 ce. A Tarayyar Turai haramcin shiga yana iya kaiwa shekara 5, kuma sauran ƙasashen Shengen duk suna ganinsa. Tun Oktoban 2025 suka fara ɗaukar fuska da yatsu a kan iyaka da na'ura, wadda ke lissafa kwanakin kowa. Ki duba abin da yarinya za ta yi asara: digirin da saura shekara guda ta gama, damar komawa karatun digiri na biyu ta ƙofar gaba da tallafi, ga bashin mahaifinta yana nan. Kuma mace ba takardu a ƙasar da ba ta san kowa ba, duk wanda ya ba ta wurin kwana shi ke juya ta. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma waɗannan ejan-ejan da kwaɗayin yara suke cin abinci. Ba na jin zan daina jin zafin wannan, don wanda ya tura yarinyar yana nan yana buga sabuwar talla.

In kwas ɗin ya tabbata na gaske ne kuma akwai shiga aji a ciki, yana da amfanin da littafi ba ya bayarwa. Za ki ga malama ta yi tambaya ta yi shiru, ta ƙi kiran mai ɗaga hannu na farko har sai yaron da ke kusurwa ya gama tunani. Za ki ga yadda take gyara kuskure ba tare da yaron ya sunkuyar da kai ba. Ki riƙa rubuta irin waɗannan a ranar, tare da tambayar kanki ko za su yiwu a aji mai yara ninki biyu ko uku na nasu. Amma wannan ribar ba ta kai a ci bashi dominta ba.

Ki rubuta wa ofishin hulɗa da ƙasashen waje na jami'ar da aka ce ita ke shirya kwas ɗin, ta adireshin imel da ke shafinta na intanet, ba wanda ejan ya ba ki ba. Ki tambaya ko kwas ɗin nasu ne, kiredit nawa ne, za su ba da takardar sakamako ko shaidar halarta kawai, kuma in an hana biza nawa ake mayarwa. Kuɗi asusun jami'ar ake turawa, ba na wani mutum ba. Sannan ki leƙa irin wannan ofishin a jami'arku ki ji ko suna da yarjejeniya da wata jami'ar Turai ƙarƙashin shirin musayar ɗalibai na Tarayyar Turai mai suna Erasmus+, wanda ke da gajeriyar tafiya ta kwana 5 zuwa 30 haɗe da karatu ta intanet, da tallafin kuɗi ga waɗanda aka zaɓa. Ta hannun jami'a ake nema, babu ejan a tsakani. In amsar jami'ar can ta zo, ki kai wa shugaban sashenku tare da jadawalin, sannan ku zauna da Baba. Allah ya yi miki jagora.